Labarin La Pérouse da Jiragensa Biyu

An haifi La Pérouse a shekarar 1741 kusa da garin Albi, a kudancin Faransa. Yana da shekara 15 ya shiga aikin sojan ruwa, yana da 18 aka yi masa rauni a bakin daga, Turawan Ingila suka kama shi. Jarumi ne, amma mai tausayi. A 1782, da ya ci zangunan cinikin Ingila a arewacin Kanada, sai ya bar wa waɗanda suka gudu daji abinci da albarushi, don kada yunwa ta kashe su.

A 1785 Sarkin Faransa Luwi na 16 ya ba shi jirage biyu, Boussole da Astrolabe, da mutum wajen 220, ya umurce shi ya gewaya Tekun Pasifik, ya zana taswirar wuraren da Kyaftin Cook bai kai ba. Suka tashi daga Brest ran 1 ga Agusta, suka zaga ƙarshen Amurka ta Kudu, suka yi arewa har Alaska. Nan igiyar ruwa ta kife musu kwale-kwale biyu, mutum 21 suka halaka. Daga nan sai Kalifoniya, sai Makawo, sai Manila. Ya ratsa mashigin ruwan da ke tsakanin Sakhalin da arewacin Japan, wanda har yanzu ake kira da sunansa.

Da ya isa Kamchatka a 1787, ya yi wata dabara mai kyau ƙwarai. Ya danƙa wa wani saurayi, de Lesseps, littattafan tafiyar, ya ce ya kai su Faris ta ƙasa. Saurayin nan ya fi shekara guda yana keta ƙasar Rasha kafin ya isa. Ba domin haka ba, da mafi yawan labarin ya nutse.

A Samowa aka kashe shugaban Astrolabe da mutum 11 wajen ɗibar ruwa. A Janairun 1788 suka sauka Botany Bay, a Ostiraliya, suka tarar da jiragen Ingila da suka kawo fursunoni. La Pérouse ya ba su wasiƙunsa, ya tashi cikin Maris. Shi ke nan, shiru.

Aka aiki jirage nemansa a 1791. Abin tausayi, a 1793 suka hangi tsibirin Vanikoro, amma ba su sauka ba, alhali kuwa nan jiragensa suka farfashe a kan duwatsun cikin teku. Sai a 1826 wani matuƙi, Peter Dillon, ya ga guntun ƙotar takobin Faransa a tsibirin Tikopia. Ya bi sawu har Vanikoro a 1827, ya samo ƙararrawa da igwa. Mutanen tsibirin suka gaya masa waɗansu Turawan sun tsira, sun harhaɗa ƙaramin jirgi da katakon da ya rage, sun tafi, ba a sake ganinsu ba.