Hawan Dutsen Toubkal da Kuɗi Kaɗan

Dutsen Toubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167, ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka, kuma yana cikin wani gandun daji da aka keɓe tun 1942. Mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya zuwa. Jirgin ƙasa daga Kasablanka zuwa Marrakesh kamar awa uku ne, sannan motar haya, wadda sai ta cika take tashi, zuwa ƙauyen Imlil. Daga nan ƙafa ke karɓar aiki. Ana kwana a masaukin da ke sama da mita 3,000, a nufi ƙololuwa da asuba. Kuɗin ɗan jagora kam ba a tsuke shi: tun kisan 'yan yawon buɗe ido biyu a 2018 hukuma ta wajabta tafiya da shi.