Tauhidi: Na Fastoci Ne Kaɗai?

Sau da yawa mukan ji an ce, "Ɗan wane ya tafi makarantar tauhidi." Waɗansunmu sun ɗauka kalmar ta fastoci ce kaɗai. Waɗansu kuwa suna ɗari-ɗari da ita, wai ta Musulmi ce. To, bari mu bi sawunta.

Daga Larabci kalmar ta fito. Tushenta ɗaya da "wahid", wato ɗaya. A wurin maƙwabtanmu Musulmi, tauhidi shi ne kaɗaita Allah. A bakin masu bi kuwa ma'anarta ta faɗaɗa, ta zama ilimin sanin Allah: yin tunani a tsanake a kan abin da ya bayyana game da kansa cikin Littafi Mai Tsarki. Shi ya sa muke kiran makarantar nan ta Bukuru, kusa da Jos, Kwalejin Tauhidi.

Ba mu da dalilin gudun kalmar, gama mu ma mun shaida Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sa'ad da aka tambayi Yesu doka mafi girma (Markus 12), da ɗayantakar Allah ya fara, sa'an nan ya sa hankali cikin abubuwan da za mu ƙaunaci Allah da su. Ashe tunani ma sujada ne. An yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna bincika Littattafai, su ga ko wa'azin Bulus gaskiya ne.

Marigayi Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya gargaɗi ekklesiyoyin Afirka cewa yawan jama'a ba tare da zurfin koyarwa ba haɗari ne. Gargaɗin ya shafi gidajenmu. Yaro yakan dawo daga makaranta ya ce, "Baba, abokina ya ce alloli uku muke bauta wa. Haka ne?" In muka daka masa tsawa, zai kai tambayarsa wani wuri, ba mu kuwa san wanda zai amsa masa ba. In muka buɗe Littafi tare da shi, tauhidi ke nan muke yi, ko da a kan tabarma ne.

Iyaye, kada mu ɗauki tambaya rashin bangaskiya ce. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya gagare mu, mu kai wa fasto tare da yaron.