Yaro a Kafaɗa: Yadda Mutanen Ƙasar Gumel Ke Zuwa Jana'izar Sarki

Rasuwar sarki ba ta ba mutum damar shiri. A ƙasar Hausa, in babban basarake ya cika da asuba, kafin magariba an rufe shi. In kuwa a wani gari ajali ya same shi, jiran bai wuce na kawo gawa ba. Saboda haka mutumin Ɗanzomo da ya ji sanarwa a rediyo ba shi da lokacin dogon tunani. Zai je yau, ko zai bari sai zaman makoki? In zai je, da wa zai tafi? Tambaya ta biyun nan ce ke tayar da ƙura a cikin gida, domin da wuya a rasa yaron da tuni ya sa hularsa ya tsaya a bakin zaure.

Ɗanzomo tana cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, wadda ita da Gumel da Maigatari da Gagarawa suka haɗu suka yi masarautar Gumel, ƙasar Lautai. Mutanen nan suna da wani abu da ya bambanta su da maƙwabtansu. Sarkinsu, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, ya haura shekara 40 a kan gado, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, mahaifinsa Maina Muhammad Sani kuwa tun 1944 ya hau. Wato akwai magidanta masu 'ya'ya biyar ko shida da ba su taɓa ganin jana'izar sarki a garin Gumel ba, wasu kuma suna goye aka yi ta. Duk abin da suka sani a kanta, a wata masarautar suka gano shi, ko kuma a bakin wanda ya je.

Gumel ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Kano ba. Gidan sarautarta na Mangawa ne, Barno yake kallo, jihadin Shehu kuma bai shigar da shi cikin tutar Sakkwato ba. Amma Turawa sun sanya ta a Lardin Kano, ta kuma zauna cikin Jihar Kano daga 1967 har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka yanko Jigawa. Har yau in dattijo ya ce za shi birni, Kano yake nufi. Can ɗansa ke karatun allo, can ƙaninsa ke da tebur a kasuwa, can ake kai marar lafiyar da ya gagari asibitin gida. Shi ya sa ranar Juma'a 6 ga Yuni 2014, da aka wayi gari da labarin rasuwar Alhaji Ado Bayero, wanda ke kan sarauta tun 1963, ba wanda ya tsaya lissafin cewa ai ba sarkinmu ba ne.

Dokar farko kan wanda za a tafi da shi ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: mata ba sa bin gawa, don haka 'yan mata ba su cikin lissafin ranar farko. Yaron da ake tunanin ɗauka shi ne wanda ya fara sallah, ya san ya kama bakinsa a gaban manya, ya kuma iya faɗin sunan ubansa da na garinsu in an tambaye shi. Sau da yawa ba uban ne ke ɗaukarsa ba. In ɗan fari ne, alkunya ba ta barin uba ya riƙe masa hannu a bainar jama'a, balle ya saɓa shi a wuya. Wannan aikin baffa ne, ko kawu, ko kakan da har yanzu ƙafarsa ke da ƙarfi. Kaka ya fi kowa son tafiyar, shi ne kuma uwar yaro ba ta iya musa masa. Sai dai ta bi ta hannun maigida: «Malam, ka dai faɗa wa Baba kada ya sake shi.» Shi kuwa tsohon, da ya ji, sai ya juya ga jikan da wasan da ke tsakaninsu, ya ce ai wannan raggon in ya ɓata ma an huta da cin tuwonsa.

A 2014 tsoron iyaye mata ba na banza ba ne. Kano ta ga hare-haren 20 ga Janairu 2012. An buɗe wa ayarin shi kansa Sarki Ado wuta a Janairun 2013, bayan wata biyu kuma bam ya tashi a tashar mota ta Sabon Gari. Kowane taro a lokacin abin shakka ne. Gidaje da yawa sun hana yara fita a ranar, kuma ban ga laifinsu ba.

Wanda aka yarje wa, shirinsa ba ya ɗaukar lokaci. Ba kayan Sallah ake sawa ba. Farar riga ko wata marar ado ta isa, domin kwalliya a wurin mutuwa abin zargi ce. Uwa za ta ƙulla masa guzuri a leda, ƙuli-ƙuli, dabino, aya, ko dunƙulen fura biyu. Sannan a zo kan abin da ya fi kome muhimmanci. A da, biya masa ake yi har ya haddace: sunana wane, ɗan wane, daga Ɗanzomo ta ƙasar Gumel, masaukinmu gidan wane a unguwa kaza. Yanzu lambar waya ake rubutawa a takarda a cusa masa a aljihun gaba, wasu ma da biro suke rubuta ta a damtsensa, don takarda tana faɗuwa a turereniya. Takalmi kuwa, a ba shi tsohon silifa. Wanda ya je da sabo, da wuya ya dawo da shi.

Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, ta Gujungu da Ringim da Gezawa, a sauka a Yankaba. A irin wannan rana 'yan kamasho ba sa wahalar kiran fasinja, kuɗin mota kuma yakan ɗaga. Yaro ba ya biyan kujera muddin a cinya zai zauna, shi ya sa za ka ga motar Sharon da aka yi wa mutum bakwai ta kwashi goma sha wani abu. Hirar cikin mota ita ce makarantar farko. Wani ya tuna hawan Sallar da ya gani, wani ya lissafo sarakunan da marigayin ya yi zamani da su, wani ya fara hasashen wanda zai gada, sai wani dattijo ya tsawatar, ya ce a bari a rufe shi tukuna. Yaron yana jin duk wannan, in bai yi barci ba. Da an sauka kuma sai a nemi a-daidaita-sahu, domin tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, shi ma ɗin ba ya kai ka fada. Inda jami'an tsaro suka tare hanya, nan ƙafa za ta karɓa.

Mutumin ƙauye mai hankali ba ya neman sahun gaba. A Ƙofar Kudu ta fadar Kano, gaba ta gwamnoni ce da sarakuna da hakimai, dogarai da 'yan sanda sun kewaye ta. Mai yaro gefe yake nema, jikin katanga ko gindin bishiya, inda in taro ya motsa yana da abin jingina. Yakan nuna wa yaron wata alama mai tsawo, hasumiyar masallaci misali, ya ce in mun rabu ka tsaya nan, kada ka bi kowa. Ba hannu ake riƙewa ba, don gumi na sa ya sulɓe. Wuyan hannu ake kamawa, ko a sa yaron ya dunƙule gefen babbar riga, ya naɗe ta a yatsunsa. Kuɗi da waya suna aljihun ciki, saboda 'yan sane ba sa zaman makokin kowa.

Haɗarin yana zuwa ne lokacin da makara ta fito. Kowa yana son lada, kowa yana son ko yatsansa ya taɓa ta, sai dubban mutane su tunkaro wuri guda. A nan ne ake ɗaga yaro a ɗora a kafaɗa, ba don ya yi kallo kaɗai ba, don kada a danne shi. Amma ta haka ne shi yake ganin abin da mai ɗauke da shi bai gani ba. Na ƙasa ƙeyar mutane kawai yake kallo, yana tambayar na sama: «Ka hango?» Yaron ya ce ya hango. Me ya hango? Makara ce a lulluɓe tana tafe a kan hannuwa, ba doki, ba laima, ba algaita, ba mai cewa hattara. In an taɓa kai shi kallon hawa, ya san yadda fitowar sarki take, yanzu ga wata irin fitowar.

Sallar kanta ba ta kai tsawon shan fura ba. Kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. Na baya ba sa jin liman, sai dai kabbarar ta iso su daga bakin na gabansu, sahu bayan sahu. Yaran da ba a gaya musu ba sukan sunkuya bayan kabbarar farko, su ga ba wanda ya motsa, su miƙe da kunya. Da an yi sallama, mai yaro ya gama abin da ya kawo shi. An kai Sarki Ado gidan sarki na Nasarawa, inda mahaifinsa Abdullahi Bayero yake kwance, amma wannan rakiyar ba ta mai ɗauke da ɗan shekara takwas ba ce. Shi neman ruwan leda zai yi, da inuwa, da hanyar masauki.

Duk da haka yara suna ɓata. Abin da ke ceton su shi ne tsarin da ya girmi wayar hannu. Wanda ya tsinci yaro yana kuka, masallaci mafi kusa zai kai shi a yi cigiya a lasifika, in dare ya yi a miƙa shi gidan mai unguwa. Yaron da ya iya cewa shi ɗan ƙasar Gumel ne, da wuya ya kwana biyu, domin akwai wanda zai ce a kai shi tasha wurin direbobin layin, su sun san kowa.

Ba kowa ya yarda da wannan al'ada ba, tun ma kafin zamanin bama-bamai. Tsofaffin mata da yawa suna ganin bai kamata yaro ya kusanci gawa ba, sukan ce zai riƙa firgita cikin barci. A ƙauye in an ɗauko makara, kora yara ake yi su shige gida. To me ya sa ta sarki ta fita daban? Amsar da maza ke bayarwa ita ce, wannan abu ne da mutum zai iya rayuwarsa duka bai sake ganin irinsa ba, kuma gara yaro ya gani da idonsa cewa likkafanin sarki da na talaka farin yadi ɗaya ne. Ni na fi karkata ga cewa akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Uba yana son ɗansa ya zama mai cewa «da ni aka yi» nan da shekara hamsin. A garin da tarihi ke tafiya a baki, wanda ya gani yana da kujera a majalisa.

Rasuwar Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, ta zo da nata salon. Ya rasu a Abuja ranar Talata 31 ga Janairu 2023, bayan ya riƙe sarauta tun 1995, aka yi jana'izarsa a Dutse washegari. Wannan dare ɗaya ya ba na nesa damar da ba su samu ba a 2014. Ga shi Dutse ce hedikwatar jiha, kusan kowane gari yana da ma'aikaci a can da zai ba da masauki, hanya kuma ta Gujungu ce, a ratsa Jahun da Kiyawa. Sai dai lokacin ya faɗo tsakiyar canjin kuɗi. Tsofaffin takardun naira ana gudun su, sababbi ba su samuwa, mai ma yana wahala, ga sanyin hunturu da ke sa uwa ta ƙi barin yaro ya fita da asuba. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na mota a hannu. Da yawa sun haƙura da ranar farko, suka jira ta gaisuwa.

Wata huɗu da 'yan kwanaki kafin nan, masu wayar hannu sun kalli jana'izar Sarauniyar Ingila, wadda ta rasu 8 ga Satumba 2022 aka binne ta ranar 19. Abin da ya ɗaure wa mutane kai ba yawan jama'a ba ne, kwana goma sha ɗayan nan ne, da yadda iyaye ke kwana a layi da 'ya'yansu don su wuce ta gaban akwati. Can ana ajiye gawa har na nesa ya iso. Nan ba a jiran kowa, ko da ɗan da zai gaji gadon ne ake ganin zai makara, sai dai a ɗan saurara.

Don haka tafiyar da ta fi yawan yara ba ta jana'iza ba ce, ta ta'aziyya ce. Kwana uku ana zaune a ƙofar fada. Sarakuna suna zuwa da hakimansu, hakimi da dagatansa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malamai kowa da ayarinsa. A nan yaro ke koyon tuɓe takalmi tun daga nesa, da durƙusawa, da yin shiru har babba ya gama cewa «Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta,» sannan ya shafa fatiha tare da kowa. Mata masu dangantaka da cikin gida a wannan lokacin suke zuwa, da goyo da 'yan mata, su shiga wurin matan marigayi waɗanda suka fara takabar wata huɗu da kwana goma. Ana raba sadaka, gumba da waina da abin da ya sawwaƙa, ko da yake tun bayyanar Izala a ƙarshen shekarun 1970 ake jayayya kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wasu gidajen sun bari, wasu suna nan a kai.

Mai yaro dai ba ya son ya daɗe. Tsakanin rufe sarki da naɗa wani, gari a ɗar-ɗar yake. A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne ke zaman zaɓe, kuma da aka sanar da sunan Sanusi Lamido Sanusi ranar Lahadi 8 ga Yuni 2014, matasa sun fito zanga-zanga a kewayen fada, baƙon da ya tsaya jiran sadakar uku da yaro a hannu ya ga ta kansa. A Dutse abin ya zo da sauƙi, cikin 'yan kwanaki aka ba ɗan marigayin, Hameem Nuhu Sanusi. Daga nan sai a fara shirin wata tafiyar, ta mubaya'a da bikin ba da sanda. Ita kam akwai dawaki da tambura da kayan Sallah, kuma yaran da aka hana zuwa jana'iza su ne ke fara karɓar alkawarin kujera a mota.