Kocin Unguwa: Sana'ar da Ba Ta da Ranar Albashi

Da an sallame sallar la'asar, shi ne mutum na farko da ke isa filin makarantar firamare. Ko a Kambaza ne, ko Gwandu, ko Kalgo, kamanninsa ɗaya: usur a wuya, tsohon buhun shinkafa a kafaɗa, a ciki ƙwallo biyu ko uku, famfo da allurarsa, da rigunan gwanjo waɗanda lambobinsu suka fara kankarewa. Kafin yara su taru ya tsince ƙaya da fasassun kwalabe, ya kore awaki, ya zuba toka ya fitar da layi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Yaro da babba "Koci" suke ce masa, har matarsa idan tana zolayarsa.

Da safe malamin makaranta ne, ko tela, ko ɗan kabu-kabu. Da wannan yake ci da iyali. Aikin yamma kuwa shi ke ci daga aljihunsa.

Masu kallo daga gefe suna zaton sana'ar ita ce koya wa yaro buga ƙwallo. Ai yaron ƙauye da iyawarsa yake zuwa, tun yana ƙwallon tsumma a lungu. Abin da Koci ke sawa shi ne ido. Cikin yara talatin da ke bin ƙwallo ɗaya kamar kaji sun ga tsaba, zai hango wanda ke ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Zai ga dogon yaron da kowa ke raina wa gudu, ya ce masa ya koma raga, bayan wata biyu ya zama mai tsaron gida. Zai gane wanda ya zo fili bai ci komai ba tun safe, ya aike shi sayen ƙosai, ya ce ya riƙe canjin, ba tare da sauran sun lura ba.

Mafi wuyar aikin ma ba a fili ake yin sa ba, a zaure ne. Uba zai ce, "Koci, yaron nan gona za shi, ba bal ba." Shi kuma ya rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Ya je gona, ya je makarantar allo, sa'annan ya zo. Ranar da ya yi fashin karatu, ni da kaina zan kore shi." Kuma sai ya cika alkawarin, ko da yaron shi ne mai ci masa ƙwallaye. Da damina atisaye kan ja baya saboda noma, da rani kuma fadamar albasa da shinkafa ta ɗebe manyan yaran. Kiran sallar magariba shi ne usur na ƙarshe, ko ana tsakiyar fanareti.

Kuɗi kuwa karo-karo ne. Ƙwallo ta fashe, a kai wa mai faci. Za a je wasan sada zumunta wani gari, a yi shatar a-kori-kura, wani mai shago ya ba da ruwan leda. Idan tsautsayi ya sa yaro ya karye, Koci ne zai ɗora shi a babur zuwa wajen masu ɗori na Aliero ko asibiti a Birnin Kebbi, shi ne kuma zai tsaya gaban uwar yaron ya sha faɗa.

Irin wannan aikin sa kai ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, wani ma'aikaci mai suna Carl Stotz ya kafa gasar besbol ta yara, Little League, a garin Williamsport a 1939, kuma har yau iyaye da maƙwabta ne ke horar da yaran kyauta. Bambancinmu da su takarda ce: sunan kowane yaro da shekarunsa da ƙungiyarsa a rubuce suke.

Nan ne gizo ke saƙa. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya samu tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016. A shekarar ce Ahmed Musa ya koma Leicester daga CSKA Moscow kan kimanin fam miliyan 16. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Musa, wannan ya kai fam dubu 800. Amma ƙungiyar da ke da rajista kaɗai ake biya. Kocin da ya yi shekara huɗu yana gyara wa yaro ƙafar hagu, in bai rubuta komai ba, ranar da wani dillali ya ɗauke yaron zuwa Kano ko Legas, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su ma kociyoyin suna da nasu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai mai sa ƙato mai gemu a gasar yara don ya ɗauki kofin Sallah. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, saboda haka yaron da aka saba masa da ƙaryar shekaru a gida, a can zai ji kunya.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi: a yi wa ƙungiyoyin nan rajista a sauƙaƙe, a tura masu horar da su kwas, a nuna musu hanyar gasanni irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano. Ku kuma da kuka taso a hannun Koci kuka zama ma'aikata da 'yan kasuwa, in kun zo gida Sallar bana, ku riƙo masa sabuwar ƙwallo da saitin riguna, ku miƙa masa a gaban yaransa.