Wa Ke da Alhakin Lafiyar Jirgin Sama?

A ranar 28 ga Afrilu, 1988, wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu, a tsibiran Hawaii na Amurka. Yana kaiwa ƙafa 24,000 a sama sai wani ɓangaren rufinsa ya yaye, fasinjoji suka tsinci kansu a sarari. Iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya, ba a sake ganinta ba. Matuƙan suka yi ta maza, suka sauka a tsibirin Maui.

Jirgin ya shekara 19, ya tashi ya sauka kusan sau 90,000. Duk tashi ana matsa iska a cikinsa don mutane su iya numfashi, gangar jikinsa ta ɗan kumbura, in ya sauka ta koma. Yau da gobe sai ƙananan tsagu suka bi layin ƙusoshin jikinsa, ga tsatsar da iskar teku ke jawowa. Masu bincike suka ɗora laifin a kan tsarin gyaran kamfanin, da ya kasa gano ɓarnar.

Maganin irin wannan shi ne duba a kan lokaci. A dokar Amurka, dole a duba ƙaramin jirgi ciki da waje duk wata 12. In yana ɗaukar fasinja don kuɗi, sai a ƙara da duba bayan kowace awa 100 ta tashi. Manyan jirage kuwa kowane kamfani na da jadawalin da hukuma ta amince da shi.

Alhakin ya rabu uku. Mai jirgi ne zai tabbatar an yi gyara, injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgin, amma magana ta ƙarshe ta matuƙi ce. Kafin ya tashi zai karanta littafin, a zagaya jirgin a duba tayoyi, fukafukai da bakin inji, ko akwai yoyon mai. A ƙaramin jirgi har man yake tsiyayowa kaɗan, ya ga ko ruwa ya shiga. In hankalinsa bai kwanta ba, doka ta ba shi ikon ƙin tashi.

Matuƙin da ya mallaki ƙaramin jirgi na iya canja baƙin mai, taya ko fulogi da kansa, muddin ya rubuta ya sa hannu. Babban gyara sai injiniya.

A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba jirgi takardar shaidar lafiya, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya kuma, wadda aka kafa a 1964, na horar da matuƙa da injiniyoyin gyara.