Assouf

Assouf wani salon kiɗan jita ne na Abzinawa, waɗanda Hausawa kan kira Buzaye. Ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970 a tsakanin matasan da suka bar Mali da Nijar suka tafi neman abin yi a kudancin Aljeriya da Libiya. Ana kuma kiransa tishumaren, a Nijar kuwa mutane da yawa jita kawai suke ce masa. An san shi da amo mai sanyi da sa tunani, da maimaita ɗan gajeren kiɗa na tsawon lokaci, inda makaɗi yake ƙirƙirar mafi yawan abin da yake kaɗawa nan take. Manyan cibiyoyinsa su ne Agadas a Nijar, Kidal a Mali da Tamanrasset a Aljeriya. Yawancin fitattun makaɗansa ba su shiga makarantar kiɗa ba. Sun koya ne da kunne da ido, da farko daga kaset da bidiyo, daga baya daga wayar salula da intanet.

Ma'anar suna

A harshen Tamashek, assouf na nufin kewa, bege da kaɗaicin da kan kama mutumin da ya yi nisa da gida. Ana kuma amfani da kalmar wajen nufin duhu da shirun dajin da ke kewaye da zango, can inda hasken wuta bai kai ba. Wannan yanayi ne makaɗi yake ƙoƙarin saukarwa a zuciyar mai sauraro.

Ɗaya sunan, tishumaren, ya fito ne daga ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Da ita aka riƙa kiran samarin Abzinawa da suke yawo tsakanin garuruwa suna aikin leburanci. Da farko kalmar raini ce, daga baya samarin suka karɓe ta ta zama sunan da suke alfahari da shi.

Tarihi

A shekarar 1963 aka yi tawayen Abzinawa na farko a yankin Kidal, sojojin Mali suka murƙushe shi. Daga cikin waɗanda aka kashe har da mahaifin Ibrahim Ag Alhabib, wanda a lokacin yake ƙaramin yaro. Ibrahim ya tashi a gudun hijira a Aljeriya, inda ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani, sanda da wayar birkin keke. Farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984 zuwa 1985, sun hallaka dabbobi masu yawa, suka tilasta wa ɗimbin makiyaya barin daji.

Wajen 1979 Ibrahim da abokansa suka fara kiɗa tare a Tamanrasset. Wannan ƙungiya ce daga baya aka sani da Tinariwen, wato hamadu. A shekarun 1980 wasu daga cikinsu sun shiga sansanonin horon soja da gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta buɗe wa matasan Abzinawa a Libiya. A can waƙoƙinsu suka koma kira ga haɗin kai da tuna gida. Ba su da kamfanin da yake buga musu faifai. Duk wanda ya kawo kaset ɗin da babu komai a ciki sai su ɗaukar masa, shi kuma ya tafi da shi a yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu.

A Nijar, wanda ya fi yin fice a wannan zamani shi ne Abdallah ag Oumbadougou, jagoran ƙungiyar Takrist n'Akal. Lokacin tawayen da ya ɓarke bayan kashe-kashen Tchintabaraden na watan Mayun 1990, hukuma ta haramta waƙoƙinsa, sai a ɓoye ake sauraron kaset ɗinsa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito fili, ta zama kiɗan biki da taro a Agadas. Abdallah ya rasu a 2020.

Yadda ake kaɗa shi

Ginshiƙin assouf shi ne sauti guda mai kauri da ba ya yankewa. Makaɗi yana bugun tsirkiya mai kaurin murya da babban yatsa ba tare da ya danne ta ba, ita ce take riƙe da kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Da ɗan ali kuma yake fitar da karin waƙar a kan siraran tsirkiyoyi. Wasu makaɗan kan ƙara ɗaure tsirkiya ta shida don muryarta ta dace da ginshiƙin da suka zaɓa.

Mafi yawan karin ana gina shi ne a kan muryoyi biyar, maimakon bakwai ɗin da aka saba ji a kiɗan Turawa. Haka kuma ba a yawan sauya ginshiƙi. Waƙa guda tana iya tafiya minti goma a kan ginshiƙi ɗaya ko biyu. Abin da ke hana ta gundurar mai sauraro shi ne adon da hannun da ke kan wuyan jita yake yi: yatsa ya faɗa kan tsirkiya da sauri, ko ya fizge ta yayin ɗagawa, sai sauti biyu ko uku su fito daga bugu guda kamar karkarwar murya.

A ƙungiya, jita ɗaya ce take jagora, ta biyu tana maimaita ɗan kiɗan da aka ɗora waƙar a kai. Ana raka su da tafi, ƙwarya ko ganga, mata kuma su rangaɗa guɗa idan kiɗa ya yi daɗi. Mawaƙi yana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa. Masu sauraro kan kwatanta saurin kiɗan da takun raƙumi. Da jitar lantarki da amfilifaya suka yawaita, makaɗa sun samu damar jan sauti ya daɗe yana amsa kuwwa, ko su sa shi ya yi ƙara da kaushi, kamar yadda ake ji a wuraren biki na Agadas.

Salon ya ɗebo abubuwa da yawa daga kiɗan gargajiya. Akwai tende, wato turmin da ake rufe bakinsa da fatar akuya mata su kaɗa suna waƙa. Akwai imzad, mai tsirkiya ɗaya kamar goge, wanda mata ne ke kaɗa shi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2013. Akwai kuma tehardent mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molon Hausawa, wanda ake kiɗan takamba da shi. Daga waje kuma an saurari Ali Farka Touré na Mali, waƙoƙin Larabawan arewacin Afirka da makaɗan jita na Amurka da Ingila.

Ƙirƙira nan take

A assouf baitocin waƙa da ainihin karinta sanannu ne, amma abin da ke tsakanin baiti da baiti na makaɗi ne. Yakan ɗauki ɗan gajeren kiɗa ya maimaita shi har kunne ya saba, sannan ya sauya sauti ɗaya a ciki, ko ya jinkirta shi, ko ya yi shiru ya bar ginshiƙin kaɗai yana amo. Saboda ginshiƙin ba ya motsi, duk ɗan sauyin da aka yi sai ya fito sarai. Shi ya sa gwanintar makaɗi ba a yawan sautin da ya zuba take ba, tana wajen sanin lokacin da zai ƙara da lokacin da zai rage.

Wuri ma yana sauya kiɗan. A zaman dare da jitar katako, ana shan shayi, kiɗan kan tafi a hankali da murya ƙasa ƙasa. A filin biki kuwa makaɗi yana kallon masu rawa ne, idan sun ɗauki zafi ya ƙara sauri ya tsawaita waƙar, idan sun gaji ya sauke ta. Don haka da wuya a ji waƙa guda ta fito iri ɗaya sau biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai sauraron waƙar Hausa, domin an san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da tsara baitoci a take a gaban jama'a, masu kalangu da 'yan amshi suna riƙe masa da kiɗa.

Hanyoyin koyo

A al'adar Abzinawa, kiɗan tehardent sana'a ce ta gado ta wasu gidaje, kamar yadda kiɗan fada da na sana'a yake a ƙasar Hausa. Jita ba ta da gidan gado. Duk wanda ya same ta yana iya ɗauka, kuma wannan ne ya buɗe ƙofa ga matasan da iyayensu ba makaɗa ba ne.

Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, an haife shi a 1980 a Tidene kusa da Agadas. Iyalinsa sun gudu zuwa Aljeriya a 1990. A zamansa na Aljeriya da Libiya, shi da abokansa sun riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa, suna lura da inda yatsu suke sauka.

Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba saboda dalilai na addini, don haka a ɓoye ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah ag Oumbadougou. Bahago ne. Bayan ya riga ya yi suna ne ya kalli bidiyon Eddie Van Halen a intanet, ya ɗauki dabarar buga tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, ya shigar da ita cikin salonsa.

A yau akwai darussan wannan salo a YouTube, inda ake nuna ɗaurin tsirkiya, muryoyi biyar ɗin da aikin babban yatsa. Mai koyo yana iya tsayar da bidiyo, ya rage saurinsa, ya maimaita sau nawa ya ga dama, abin da mai kaset bai samu ba tunda shi ba ya ganin hannun makaɗi. Irin waɗannan darussa sun sa masu jita a ƙasashe da dama suna gwada ƙirƙirar kiɗa mai sanyi a kan ginshiƙi guda. Sai dai darasin bidiyo yana tsayawa ne a kan aikin yatsu. Ma'anar baitoci, da iya tafiya tare da masu tafi da masu rawa, sai a cikin jama'a ake samunsu.

Alaƙa da ƙasar Hausa

Hulɗar Abzinawa da Hausawa daɗaɗɗiya ce. Ayarin raƙuma sun daɗe suna sauko da gishirin Bilma zuwa Damagaram da Kano, su koma da hatsi da tufafi, kuma Hausa ce harshen kasuwa a Agadas. Hanyar motar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura ta shiga Nijar, ita ce take kaiwa Damagaram, daga nan a miƙe zuwa Agadas.

A Sakkwato Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. An yi aikin ne da irin kayan da ake waƙoƙin finafinan Hausa da su, wato gangar na'ura da manhajar kwamfuta mai lanƙwasa murya, aka ɗora su a kan jitar Abzinawa. Ba a fitar da kundin a kasuwa ba a lokacin. Waƙoƙin sun bazu ne ta memori da Bluetooth daga waya zuwa waya har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ji waƙar Tahoultine, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai ita. A 2015 suka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas, Mdou ya fito a matsayin makaɗin da yake fama da adawar mahaifinsa da ta abokan gasa.

Mata a fagen jita

Ko da yake tende da imzad na mata ne, jita ta daɗe a hannun maza. Fatou Seidi Ghali, 'yar ƙauyen Illighadad a yankin Abalak, ta koya wa kanta da jitar ɗan'uwanta. Ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, ta fitar da kundin farko a 2016, sai Eghass Malan a 2017, inda suka mayar da waƙoƙin tende kan jita.

Karɓuwa da ƙalubale

Bikin Festival au Désert da aka fara a Mali a 2001 ya taimaka wajen kai salon ga duniya. Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012 da kundin Tassili. Bombino ya fitar da Agadez a 2011 da Nomad a 2013, kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, da aka kafa a Agadas a 1995, ta yi suna ne a kiɗan bukukuwan aure kafin ta fara zagayen ƙasashen waje.

Rikici bai daina shafar makaɗan ba. A tawayen da ya fara a 2007 an kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya yi hijira zuwa Burkina Faso, sai a Janairun 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da suka kama arewacin Mali sun haramta kiɗa a garuruwan da suke riƙe da su, kuma daga wannan shekara ba a sake yin Festival au Désert a yankin Tumbuktu ba. Juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da Mdou Moctar da abokansa suna zagaye a Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida na wani lokaci. A wannan zama ne suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, aikin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.