Kyanwa da Kare a Gida: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Wasu sun ɗauki dabbar gida magani, wasu sun ɗauke ta annoba. Ga yadda maganganun da aka fi yaɗawa suke idan an tace su.

"Gashin kyanwa yana hana mace haihuwa." Ƙarya ne. Tushen zancen wata ƙwayar cuta ce mai suna toksofilasma, wadda ke fita ta kashin kyanwa. Ba ta hana ɗaukar ciki, amma idan mai juna biyu ta kamu da ita karon farko, tana iya taɓa abin da ke cikinta. Ƙwayar ba ta fara cutarwa sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5, don haka a riƙa kwashewa kullum, kuma mai ciki ta bar wa wani aikin. Tsiren da bai gasu ba da latas ɗin da ba a wanke ba su ma suna kawo ta.

"Zama da dabba yana kare zuciya." Akwai ƙamshin gaskiya. A 2013 Ƙungiyar Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin ajiye dabba, musamman kare, da raguwar haɗarin ciwon zuciya. Sai dai a can masu kare kan fita tattaki da shi, kuma tafiyar tana da kaso a wannan amfani. Karen gadi da ke ɗaure a ƙofar gida ba zai sauke wa kowa hawan jini ba, kada a bar shan magani saboda shi.

"Kyanwa tana taimakawa wajen kare gida daga zazzaɓin Lassa." Gaskiya ne. Ɓera ke yaɗa cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin matakan kariya, tare da rufe hatsi da nisanta shara daga gida.

"Yawun kare yana warkar da rauni." Wannan ƙaryar tana kisa. Ta yawu ciwon haukan kare ke shiga jiki, kuma yana hallaka kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tsira.

Dabba tana ɗebe kewa, musamman ga tsofaffi, amma amfaninta yana tare da haƙƙinta: abinci, tsafta da allurar rigakafi wurin likitan dabbobi.